Simon Nkoli: Fursunan Delmas da Ya Bayyana Sirrinsa a Kurkuku

Simon Tseko Nkoli ɗan gwagwarmaya ne na Afirka ta Kudu wanda ya yaƙi mulkin wariyar launin fata, kuma yana cikin baƙaƙen fata na farko a ƙasar da suka fito fili suka bayyana cewa su masu neman jinsinsu ne. An haife shi a Soweto ranar 26 ga Nuwamba, 1957, ya rasu a Johannesburg ranar 30 ga Nuwamba, 1998, yana da shekara 41. Bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, bai kuma zauna a majalisa ba. Duk da haka, da wuya a ba da tarihin yadda Afirka ta Kudu ta zama ƙasa ta farko a duniya da kundin tsarin mulkinta ya haramta nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake nema ba tare da an ambaci sunansa ba. Dalilin haka yana komawa ne ga wata muhawara da aka yi a cikin kurkuku, tsakanin mutum 22 da gwamnati ke neman a yanke musu hukuncin da zai iya kai su ga igiyar rataya.

Tasowarsa

Nkoli ɗan gidan masu magana da harshen Sotho ne. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa wurin kakanninsa, waɗanda ke aiki a gonar wani Bature a lardin da ake kira Free State a yau, kafin ya koma wurin mahaifiyarsa a Sebokeng, ɗaya daga cikin unguwannin baƙaƙen fata na yankin Vaal, kudu da Johannesburg. A lokacin, doka ta wajabta wa duk baƙar fata da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da takardar izinin zama, kuma 'yan sanda kan faɗa gidaje da dare suna bincike. Nkoli ya sha ba da labarin yadda, yana ɗan shekara tara, ya kulle iyayensa a cikin kabad ɗin tufafi don kada 'yan sanda su same su. Daga baya ya ɗauki wannan kabad ya mayar da shi misali a rubutunsa, domin a Turanci akan kwatanta mai ɓoye cewa jinsinsa yake nema da wanda ya shige kabad ya ja ƙofa. Abin da yake nufi a fili yake: ya ga ɓuya iri biyu tun yana yaro, kuma bai ga wadda ta fi wata sauƙi ba.

Da ya shaida wa mahaifiyarsa halin da yake ciki, sai ta yi abin da uwa kan yi idan ta ɗauka ɗanta ya gamu da lalura. Ta kai shi wurin masu maganin gargajiya, ta kai shi wurin limamin coci, daga ƙarshe aka dangana da wani masanin halayyar ɗan'adam. Shi kuwa masanin, maimakon ya nemi sauya shi, sai ya ba shi shawarar yadda zai zauna da abokin zamansa, wanda Bature ne, a unguwar da doka ta haramta wa baƙar fata kwana: ya fake da cewa shi yaron gida ne. Uwar ta haƙura a ƙarshe, ta karɓi ɗanta yadda yake.

Ƙungiyoyi biyu

Boren ɗaliban Soweto na 1976 ya same shi yana matashi, kuma kamar dubban tsararrakinsa, daga nan ya tsunduma cikin siyasa. Ya shiga COSAS, ƙungiyar ɗaliban makarantun sakandare da aka kafa a 1979, har ya zama sakatarenta a yankin Transvaal. Da labarinsa ya fasu a cikin ƙungiyar, an yi ta ce-ce-ku-ce a kan ko ya cancanci ci gaba da riƙe muƙamin, amma da aka kaɗa ƙuri'a mafi rinjaye suka ce ya zauna.

A 1983 ya shiga GASA, ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya da aka kafa shekara guda kafin nan. Kusan dukkan mambobinta Turawa ne masu abin hannunsu, kuma ta ɗauki matsayin cewa ba ruwanta da siyasa. A ƙasar da baƙar fata ba shi da ƙuri'a, wannan matsayi shi kansa siyasa ce. Wasu wuraren da ƙungiyar ke taruwa ma ba a barin baƙar fata ya shiga. Wannan ya sa a 1984 Nkoli ya haɗa wani rukuni na baƙaƙen fata da ke haɗuwa ranar Asabar, wanda ake ɗauka a matsayin irinsa na farko a ƙasar.

Dokokin da ke kan masu neman jinsi a lokacin ba na wasa ba ne. Luwaɗi laifi ne a ƙarƙashin dokar da ƙasar ta gada daga Turawan Holand, kuma yana cikin jerin manyan laifukan da aka yarda ɗan sanda ya harbi wanda ake zargi idan ya nemi tserewa. Bayan wani samame da 'yan sanda suka kai gidan wani biki a unguwar Forest Town ta Johannesburg a Janairun 1966, inda suka tarar da ɗaruruwan Turawa maza, majalisa ta ƙara wani sashe a 1969 wanda ya haramta duk wani abin da zai motsa sha'awa tsakanin maza a wurin taro. Ma'anar taro a wannan sashe ita ce duk inda mutum fiye da biyu suke.

Boren Vaal da shari'ar Delmas

Ranar 3 ga Satumba, 1984, mazauna Sebokeng da Sharpeville da Evaton da maƙwabtansu suka fita zanga-zangar ƙin amincewa da ƙarin kuɗin hayar gidaje da majalisar yankin ta yi. Kansilolin majalisar baƙaƙen fata ne, amma jama'a na kallonsu a matsayin 'yan kanzagin gwamnatin wariya. Zanga-zangar ta rikiɗe ta zama tarzoma, 'yan sanda suka harbe mutane, fusatattu kuma suka kashe wasu kansiloli. Nkoli na cikin waɗanda suka yi aikin shirya jama'a a yankin. An kama shi a ƙarshen watan, a wurin jana'izar ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe, aka tsare shi watanni ba tare da an gurfanar da shi ba.

A Yunin 1985 aka tuhume shi tare da wasu mutum 21 da cin amanar ƙasa, da ta'addanci, da kisan kai. Cikinsu akwai manyan jagororin UDF, gamayyar ƙungiyoyin adawa da wariya da aka kafa a Agustan 1983: Popo Molefe, babban sakatarenta, da Mosiuoa Lekota, kakakinta, wanda aka fi sani da laƙabin Terror tun zamanin da yake buga ƙwallo, da Moss Chikane. Hujjar gwamnati ita ce UDF ta haɗa baki da jam'iyyar ANC, wadda aka haramta, don kifar da gwamnati, saboda haka jinin da aka zubar a Vaal yana wuyan jagororin. An kai shari'ar Delmas, wani ƙaramin gari mai nisan kusan kilomita 70 gabas da Johannesburg, kuma daga nan ta samo sunanta. Mai shari'a Kees van Dijkhorst ne ya saurare ta, lauyoyin da suka kare waɗanda ake tuhuma kuwa sun haɗa da George Bizos da Arthur Chaskalson. Ta ɗauki fiye da shekara uku.

Abin da ya faru a kurkuku

Wasu daga cikin abokan shari'ar sun san halin Nkoli tun a waje, amma mafi yawa ba su sani ba. Abin da ya tono maganar shi ne labarin wata alaƙa tsakanin fursunoni maza biyu da ya iso kunnen rukunin. Aka zauna a tattauna, maganganun ƙyama suka yi ta fita daga bakin mutanen da suka sadaukar da rayuwarsu don yaƙi da ƙyama. Nkoli ya kasa daurewa, ya shaida musu cewa mutumin da suke zagi yana zaune a tsakiyarsu.

Ya kamata a auna abin da ya sa a kasada. Mutum ne da ke fuskantar tuhumar da hukuncinta kan kai ga kisa, kuma ba shi da wata garkuwa sai haɗin kan waɗannan mutum 21 da lauyoyin da ke kare su baki ɗaya. Wasu daga cikinsu suka ƙaurace masa, wasu suka nemi a raba shari'arsa da tasu. Ba duka ne ƙiyayya zalla ta motsa su ba. Akwai masu tsoron cewa masu gabatar da ƙara za su yi amfani da maganar su zubar da mutuncin UDF a idon jama'ar da coci da al'ada ke da ƙarfi a zukatansu. Tsoron yana da tushe, amma abin da yake nufi a aikace shi ne a jefar da abokin gwagwarmaya don a tsira da suna. Lauyoyin suka ƙi yarda a raba shari'ar, wasu matasa cikin waɗanda ake tuhuma, irin su Gcina Malindi, suka tsaya masa. Muhawarar ba ta ƙare a zama ɗaya ba. An daɗe ana yin ta, kuma abin da ya karya lagon masu adawa da shi ba wata falsafa ba ce: babu wanda zai iya cewa Nkoli bai sha wuyar da suka sha ba, ko bai fito titin da suka fito ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, GASA ta juya masa baya. Ta ƙi fitowa ta goyi bayansa, tana fakewa da cewa ba saboda neman jinsi aka kama shi ba. Wannan ya jawo mata baƙin jini a ƙasashen waje, har ILGA, gamayyar irin waɗannan ƙungiyoyi ta duniya, ta dakatar da ita a 1987, kuma ba ta ƙara farfaɗowa ba. Tallafin da ya rasa a gida sai ya zo daga nesa. A Toronto ta ƙasar Kanada an kafa kwamitin yaƙi da wariya mai ɗauke da sunansa, wasiƙu kuma suka riƙa zuwa masa kurkuku daga Turai da Amurka. Abokan zamansa suna ganin wasiƙun, suna kuma ganin cewa sunansa ya jawo wa shari'arsu hankalin mutanen da da ba su san da ita ba.

An ba shi beli a 1987, kotu ta wanke shi a Nuwamban 1988. An samu mutum 11 da laifi. An ɗaure Lekota shekara 12, Molefe da Chikane shekara goma-goma, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Disamban 1989.

Wasiƙar Mbeki

Yayin da ake wannan a cikin gida, ANC da ke gudun hijira ta shiga tata tsaka-mai-wuyar. A 1987 ɗan fafutuka Peter Tatchell ya yi hira da Ruth Mompati, 'yar kwamitin zartarwar jam'iyyar, inda ta nuna cewa ba ta ɗauki masu neman jinsi a matsayin mutanen da ke kan daidai ba, ba ta kuma ga dalilin da zai sa ANC ta tsara wata manufa dominsu ba. Da aka buga hirar a wata jarida a Landan, magoya bayan ANC a Turai suka harzuƙa. A Nuwamban shekarar, Thabo Mbeki, wanda ke riƙe da sashen yaɗa labaran jam'iyyar, ya rubuta wasiƙa yana mai cewa alƙawarin ANC na kawar da kowane irin nuna bambanci ya haɗa da kare haƙƙin masu neman jinsi. Wasiƙa ce kawai, ba ƙudurin babban taro ba, amma daga ranar aka samu takardar da za a riƙa nuna wa jam'iyyar.

Tattakin 1990

A 1988, yana kan beli, Nkoli ya haɗu da wasu, cikinsu har da wata matashiya 'yar Soweto mai suna Beverley Ditsie, suka kafa GLOW. Ita ce ƙungiyar masu neman jinsi ta farko a yankin Johannesburg da baƙaƙen fata suka fi yawa a cikinta, kuma ta bayyana tun farko cewa tana tare da masu yaƙi da wariya. Ranar 13 ga Oktoba, 1990, wata takwas bayan sakin Nelson Mandela, GLOW ta jagoranci tattakin masu neman jinsi na farko a nahiyar Afirka. Kimanin mutum 800 suka bi titunan Johannesburg. Luwaɗi yana nan a matsayin laifi a ranar, don haka aka tanadi jakunkunan takarda ga masu son rufe fuska, kuma wasu sun rufe. A jawabinsa, Nkoli ya ce shi baƙar fata ne kuma mai neman jinsinsa, ana danne shi ta fuskoki biyun, saboda haka ba zai iya ɗaukar ɗaya ya ce ita ce babbar gwagwarmaya, ɗayar kuma ta jira ba. Martani ne ga abokan tafiyarsa da ke cewa a bari a kawar da wariya tukuna.

Fitowa fili tana da farashi, kuma ba kowa ne ya biya daidai da wani ba. Bayan an nuna fuskar Ditsie a talabijin, wasu gungun mutane sun je gidansu a Soweto suna yi mata barazana. Daga baya ta koka cewa matsalolin mata, musamman fyaɗe da duka, ba sa samun kulawar da ta dace a ƙungiyar da maza suka mamaye, har ta kai ga sun yi hannun riga da Nkoli na wani lokaci. Ita ce ta yi jawabi kan haƙƙin mata masu neman mata a taron mata na Majalisar Ɗinkin Duniya a Beijing a 1995, ta kuma ba da labarin abotarsu da saɓaninsu a wani fim da ya fito a 2002.

Cikin ANC ma ba a gama ba. A 1991, lokacin shari'ar Winnie Mandela kan sace wasu matasa, lauyoyinta sun kafa hujja da cewa ta ɗauke su ne don ta raba su da wani limamin cocin Methodist da aka zarga da lalata da su, zargin da bai tabbata ba. Magoya bayanta a ƙofar kotu suka ɗaga kwalaye masu cewa neman jinsi ba ya cikin al'adar baƙar fata. GLOW ta rubuta wa shugabannin ANC buɗaɗɗiyar wasiƙa tana ƙalubalantar shirun da suka yi.

Sashe na 9

Daftarin haƙƙoƙin ɗan'adam da ANC ta fitar a ƙarshen 1990 ya riga ya ambaci batun, bayan ƙoƙarin wata ƙungiya ta Cape Town mai suna OLGA da lauyoyin jam'iyyar irin su Albie Sachs. Daga nan ya shiga kundin riƙon ƙwarya na 1993. Da aka zo rubuta kundi na dindindin, jam'iyyar ACDP ta Kiristoci, ƙarƙashin Kenneth Meshoe, ta dage a cire shi. Ƙungiyoyin masu neman jinsi suka dunƙule a ƙarshen 1994 don kare shi, Nkoli yana cikin tawagar da ta gana da Shugaba Mandela a Fabrairun 1995, babban limamin cocin Anglican Desmond Tutu kuma ya rubuta wa majalisar tsara kundin yana goyon bayan a bar shi. Mandela ya sa hannu a kundin ranar 10 ga Disamba, 1996, a Sharpeville, cikin yankin da boren 1984 ya tashi. Sashe na 9 ya jero dalilai 16 da ba a yarda gwamnati ta nuna wa mutum bambanci a kansu ba. Jinsin da mutum yake nema yana cikinsu, a jere ɗaya da launin fata da addini da al'ada da harshe.

Ba daidai ba ne a ce Nkoli shi kaɗai ya yi wannan aiki, ba kuma daidai ba ne a ɗauka jama'ar ƙasar ne suka nema. Sashen ya samu shiga ne ta hanyar lauyoyi da jagororin siyasa, a lokacin da ƙasar ke ƙyamar duk wata doka mai rarrabe mutane, ba don yawancin talakawa sun sauya ra'ayi ba. Gudummawar Nkoli ta wani fanni ce. Hujjar da aka fi dogara da ita a kan masu neman jinsi ita ce abin na Turawa ne, kuma mutanen da suka zauna da shi a kurkuku ba za su iya maimaita ta da zuciya ɗaya ba. Waɗannan mutane kuwa su ne suka karɓi mulki. Molefe ya zama firimiyan lardin Arewa maso Yamma a 1994, Lekota ya zama na Free State, daga baya shugaban ANC na ƙasa kuma ministan tsaro. Lekota da kansa ya amsa cewa zamansa da Nkoli ne ya sauya masa tunani, yana tambayar yadda za a ce mutumin da ya ba da ƙarfinsa wajen kawar da wariya shi ne kuma za a ware.

Ranar 9 ga Oktoba, 1998, Kotun Tsarin Mulki ta soke dokokin da suka haramta luwaɗi, ciki har da sashen nan na 1969. Shugaban kotun a lokacin shi ne Arthur Chaskalson, ɗaya daga cikin lauyoyin Delmas.

Cutar ƙanjamau da rasuwarsa

Nkoli ya san yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV tun yana tsare. Bayan fitowarsa ya bayyana hakan a fili, a zamanin da mai cutar kan rasa aiki da dangi idan aka sani, ya kuma yi aikin wayar da kai a unguwannin baƙaƙen fata. Magungunan da ke danne ƙwayar cutar sun samu a ƙasashe masu arziki tun 1996, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin 'yan Afirka ta Kudu. Ya rasu a jajibirin ranar yaƙi da cutar ta duniya, ƙasa da wata biyu bayan hukuncin kotun. Rasuwarsa na cikin abubuwan da suka zaburar da Zackie Achmat da abokansa suka ƙaddamar da TAC ranar 10 ga Disamba, 1998, ƙungiyar da ta yi shekaru tana fafatawa da kamfanonin magunguna da gwamnatin Mbeki har aka fara raba maganin a asibitocin gwamnati.

Bayan rasuwarsa

A Disamban 2005 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa hana masu jinsi ɗaya aure ya saɓa wa kundi, ta ba majalisa shekara guda ta gyara doka. Majalisar ta amince ranar 14 ga Nuwamba, 2006, da ƙuri'a 230 a kan 41, kuma Lekota, a matsayin ministan tsaro, yana cikin waɗanda suka tashi suka kare ƙudurin. Dokar ta fara aiki ranar 30 ga Nuwamba, shekara takwas cif da rasuwar Nkoli. Afirka ta Kudu ce ƙasa ta biyar a duniya da ta yi haka, ta farko a Afirka.

Sauran ƙasashen nahiyar sun rabu. Mozambik da Angola sun cire laifin daga dokokinsu, kotunan Botswana da Namibiya sun soke shi, Uganda kuwa ta tsananta hukunci a 2023. Najeriya, wadda ta kasance kan gaba wajen tallafa wa yaƙi da wariya, inda Mbeki ma ya wakilci ANC a Legas a ƙarshen shekarun 1970, ta bi wata hanyar dabam. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiya irin GLOW.

A Afirka ta Kudun ma, kundin bai kai ga kowace unguwa ba. A Afrilun 2008 aka yi wa Eudy Simelane, tsohuwar 'yar wasan tawagar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasar wadda ba ta ɓoye cewa mata take nema ba, fyaɗe aka kashe ta a KwaThema, gabas da Johannesburg. An ɗaure mutum biyu kan kisan, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba.

Wasiƙun da Nkoli ya rubuta daga kurkuku suna ajiye a ma'adanar tarihi ta GALA da ke Jami'ar Witwatersrand, kuma akwai wata mahaɗar titi a unguwar Hillbrow ta Johannesburg da aka sa wa sunansa.